Batolo da Tukunyar Atine

Bartholomew ne sunansa a takarda, amma a Laurel ta Amurka ba mai lokacin bin wannan dogon suna har ƙarshensa. Turawan wurin aikinsa Bat suke ce masa, mutanen gida su ce Batolo, matan coci kuwa Dattijo, don shi ke riƙe makullin ɗakin da ake ajiye kujeru. Dogo ne siriri, yana tafiya kamar wanda ya ɗauko tiren ƙwai a ka. Gadi yake yi a wani ƙaton sito na kayan ɗaki a hanyar Baltimore. Aikin zama ne cikin ɗan akurkin gilashi, babbar mota ta zo ya ɗaga mata sanda, ta wuce ya sauke. Ya daɗe yana wannan ɗagawa da saukewa, har in ka gaishe shi a titi sai ka ga hannunsa na dama ya ɗan motsa, kamar zai ba ka izinin wucewa.

A wani ƙauye cikin duwatsun bayan Pankshin aka haife shi. Uwarsa burukutu take dafawa, da shi ta ciyar da su, da shi ta kai shi makaranta. Cikin hayaƙin murhunta ya tashi, yana ɗauko itace, yana kallon dawa ta yi tsiro a kan tabarma. Da ya shiga sakandare sai ya faɗa hannun 'yan addu'a, suka wanke shi tas, ya dawo gida hutu yana toshe hanci in ya wuce tukwanen uwarsa. Tsohuwar ta ci gaba da juya tukunyarta, shi kuma ya ci gaba da cin tuwon da tukunyar ta sayo. Tun daga nan giya ba ta sake taɓa leɓensa ba. Ya yi malanta a firamare, ya auri Atine, gajeruwar mace mai dariyar da ake ji daga layi na uku. Ita ce ta ci cacar biza. Takan ce da ta gama haɗa kaya ta ga akwai sauran wuri, sai ta sa Batolo a ciki.

Atine aikin kula da tsofaffi ta yi a nan, ta yi musu wanka, ta ba su abinci a baki, ta yi musu faɗa da Hausa suna murmushi. Abu ɗaya ne ba ta shiri da shi a duniya, ɗaci. Miyar shuwaka ba ta shiga gidanta. In aka miƙa mata goro a wurin biki sai ta karɓa da hannu biyu, ta gode, ta jefa a jaka. Shayinta kuwa, in ka tsayar da cokali a ciki sai ya yi tunani kafin ya faɗi. Ko ƙwayar magani sai an lulluɓe mata da zuma.

Wata safiya cikin hunturu ta faɗi a kicin, butar shayi na kan wuta. Aka kai ta asibiti, ba ta ƙara magana ba. A nan Maryland aka binne ta, ƙasa ta yi tauri don sanyi har sai da aka kawo inji.

Batolo bai yi kuka ba. Mutane suka zuba ido a coci, suka zuba ido a maƙabarta, ba ko ɗigo. Ba taurin zuciya ba ne, abin ne kawai bai zo ba. Hutun da aka ba shi ya ƙare, ya koma akurkinsa, mota ta zo ya ɗaga, ta wuce ya sauke. Ya dawo gida ya zauna a kujera da takalmi a ƙafa, talabijin na magana ita kaɗai. Matan zumunta na coci suka yi ta kawo kuloli, ya ci abin da ya samu a sama. In aka ce, “Dattijo, yaya haƙuri?” sai ya ce, “Da godiya,” da muryar da yake gaya wa direba lambar ƙofar da zai sauke kaya. Kuma bai yi aski ba, don a garinsu mijin da matarsa ta rasu ba ya sa aska sai an sallame ta. Gashi ya taru, gemu ya fito fari da baƙi, hular gadi ta koma zama a can sama kamar tsuntsu a kan ƙaya. Manajan sito ya kira shi sau ɗaya zai yi magana, ya dubi idonsa, ya ce ya bari kawai.

'Ya ɗaya gare su, Olive, wadda aka zo da ita a goye. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take mayar da amsa, sai in abu ya ƙure. Tun Atine na da rai aka gama magana tsakaninta da Raymond, wani yaron Kafanchan da ke zaune a Springfield, an sha ruwa, saura sa rana. Rasuwa ta zo ta danne maganar. Hunturu ya wuce, zafi ya zo ya wuce, ganye ya fara ja. Mutanen Raymond suka fara tambaya a hankali, irin tambayar da ake yi ana kallon gefe. Olive ta zo ta zauna kusa da ubanta, ta cire masa takalmi, ta ce ko za a fara neman zauren biki. Ya ce to. Ko cewa ta yi za a sayar da gidan, to ɗin zai ce.

Sai dai ba shi ke da ta cewa ba. Yayar Atine, Mairo, tana can ƙauye, ita ce uwa yanzu. Aka kira ta a waya ta bidiyo. Yaya Mairo ba ta taɓa koyon riƙe waya ba, goshinta kawai ake gani da rufin kwano.

“Wace rana?” in ji goshin. “An dafa wa Atine tukunyarta ne?”

Olive ta dubi ubanta. Shi ya san zancen. A garinsu in mace ta rasu, matan gidansu kan dafa mata tukunyar giya guda, ta sallama. Ba mai ɗanɗanawa sai ranar. Mijin ya fara kurɓa, ya zuba sauran ƙwaryar a bakin ƙofar madafinta, sannan a aske masa kai. Kafin a yi wannan, ba kiɗa a gidan, ba guɗa, ba a ɗaura wa kowa aure.

“Yaya, ai Atine 'yar zumunta ce,” in ji Batolo. “Ko ƙanshinta ba ta so.”

“Uwarmu ma 'yar zumunta ce, har da ɗankwalin. An dafa mata. Fasto ya yi addu'arsa da safe, mu muka yi tamu da yamma, ba wanda ya taka ƙafar wani.”

“To ku dafa a can, in turo abin da ake bukata.”

“A can ina? Nan ta mutu? Madafinta na nan ne? Baban Olive, a inda take hura wuta za a zuba. Kuma ka ji ni da kyau, a dafa yadda bakinta zai karɓa. Ka san ƙanwata. In ta ji ɗaci ba za ta sha ba, in ba ta sha ba ba ta tafi ba, in ba ta tafi ba yarinyar nan ta ci gaba da zama.”

Olive ta ce wani abu da Turanci mai sauri, ta tashi ta shiga banɗaki ta buɗe famfo.

Yaya Mairo ta taɓa neman biza, aka dube ta aka dubi takardunta aka ce ta gaida gida. Don haka sai a nemi mai dafawa a nan. Batolo ya tuntuɓi matan zumunta ɗaya bayan ɗaya, a bakin mota bayan sujada. Duk cikinsu ba wadda ba ta san yadda ake yi ba, rabinsu da kuɗin burukutu aka yi musu karatun nas. Amma kowacce sai ta gyara ɗankwali ta ce, “Kai, Dattijo! Ni?” Ɗaya ta ce za ta sa shi a addu'a. Ɗaya ta ce ko kunun zaƙi zai yi. Aka tambayi Mairo, ta ce kunu na masu jego ne.

Jang ne ya kawo mafita. Jang mutumin Vom ne, direban tasin da ake kira ta waya, maƙwabcin Batolo ta baya, kuma shi kaɗai ne a cocin da ba ya ɓoye kwalbarsa in an zo wucewa. Ya ce ai Turawa ma suna dafa giyarsu a gida, akwai shago guda da ba a sayar da komai sai kayan wannan. Komai a kwali ɗaya, kit suke ce masa, har da bokiti.

“Namiji zai dafa?” in ji Mairo da aka gaya mata. “To. Ɗan mai burukutu ne, a jininsa take ko ya ƙi. Ni zan tsaya a kansa ta waya.”

Ranar Asabar Jang ya ɗauke shi a mota. Shagon na bayan wani wurin wankin motoci, ciki na warin dusa da jiƙaƙƙen buhu. Batolo ya tsaya a bakin ƙofa. Warin ya san shi, shi ma ya san warin, amma ba abin da ya motsa a ƙirjinsa, kamar ka ga ɗan ajinku na firamare a tashar jirgi ka kasa tuna sunansa. Mai shagon wani jibgegen Bature ne mai gemu har ƙirji. Ya dubi gemun Batolo, ya gyaɗa kai da girmamawa, ya ɗauka ɗan ƙungiyar masu dafa giya ne.

Kwalaye ne jere har sama, kowanne da hotonsa. Wannan da kan kura, wancan da jirgin ruwa, wani da gatari. Jang ya shiga tsakaninsu kamar ango.

“Dattijo, ga ta nan! Baƙa wuluk, in ka sha kofi ɗaya sai ka ji kakanka na kiran sunanka.”

“Da ɗaci?”

“Ɗacin ai shi ne giyar.”

“Ajiye.”

“To ga wannan mai kan kura. Wannan Turawa ke yayi yanzu.”

Mai shago ya matso ya yi bayani. Ya ce ɗacin giyarsu daga wani ganye yake zuwa, hof sunansa. Ya buɗe firji ya ɗauko 'yar leda, ya zazzage a tafin Batolo. Wasu 'yan ƙwayoyi ne kore, sak kashin akuya in ta yi kiwo a fadama. Ya ce ya murza ya shinshina. Batolo ya murza ya shinshina. Mai kan kura, in ji Baturen, an cika mata wannan ganye, ita ce sarauniyar ɗaci. Sannan ya yi tambayar da yake yi wa kowa: wa zai sha, kuma me yake so?

“Matata,” in ji Batolo.

“Madalla. Wace iri ta saba sha?”

“Ba ta sha.”

Baturen ya dubi Jang. Jang ya dubi rufi.

“To me take so? A abinci, ko abin sha?”

Batolo ya tsaya. Shekara talatin da wani abu suna cin tuwo a kwano ɗaya, ga shi an yi masa tambayar da ɗan aji ɗaya zai amsa, kansa ya zama fanko. Ya ga butar shayi. Ya ga ledar sukari da take ɓoyewa a bayan garin masara don kada Olive ta yi mata wa'azin ciwon suga. Ya buɗe baki ya ce tana son shayi da madara da yawa. Tana son masara gasasshiya, wadda ba ta ƙone ba. Tana son ƙanzon shinkafa. Ya faɗe su a jere ba hawa ba sauka, kamar mai karanta lambar mota. Baturen ya ce ai sai a kawo ta ta zaɓa da kanta. Jang ya yi tari, ya ja shi gefe ya raɗa masa magana. Da suka dawo fuskar Baturen ta yi ja har cikin gemu, ya rage murya.

Ya jawo kwalaye uku daga can ƙasa, inda ƙura ta ɗan hau, don ba su ake rububi ba. Ɗaya ta alkama, ya ce tana da laushi amma takan ɗan yi tsami. Ɗaya fara mai haske, da ɗan masara a ciki, ba nauyi. Ta ukun ruwan ƙasa-ƙasa ce, irin ta tsofaffin Ingila, ya ce ba ta da ƙarfi, hof ɗinta kaɗan ne, tana da ɗan zaƙi-zaƙi kamar gasasshen burodi.

“Wannan ta ukun ai shayi ce,” in ji Jang. “Ko jariri ya sha sai dai ya yi gyatsa. Dattijo, in za ka yi zunubi ka yi mai dalili mana.”

Batolo bai ji shi ba. Ya ɗaga ta masarar, ya ajiye. Ya ɗaga ta ukun, ya juya kwalin. Ba kura ba gatari, hoton wani ɗan gida ne da hayaƙi na fita ta sama. Launin da ke cikin kofin hoton ya yi kusa da na abin da uwarsa ke zubawa a ƙwarya. Ya sake tambaya ko da ɗaci. Baturen ya ce in an bi yadda ya kamata, da ƙyar harshe zai ji. Ya nuna masa ledojin hof guda biyu a ciki, ƙarama da babba, ya yi ta bayanin lokacin da ake sa kowacce da tsawon tafasar. Batolo na ta gyaɗa kai. Tun rasuwar haka yake yi wa likita da fasto da mutumin inshora, maganar ta shiga ta nan ta fita ta can. Jang kuwa yana can yana shafa mai kan kura kamar zai yi mata sallama. Suka fito da kwalin ta ukun da farin bokiti mai murfi da babbar tukunyar ƙarfe.

Asabar ta gaba aka ɗora. Jang ya fita neman fasinja, Olive na wurin aiki, daga Batolo sai goshin Yaya Mairo, an jingina waya da gwangwanin gishiri. Tun da Atine ta faɗi a kicin ɗin bai kunna murhun ba sai ran nan. Ya buɗe kwali yana nuna mata kaya ɗaya-ɗaya. Ga wani gwangwani cike da abu mai kauri kamar maɗi.

“Ina tsiron?”

“Shi ne wannan, Yaya. Sun riga sun jiƙa, sun shanya, sun niƙa, sun tace.”

“Ragwaye. To me ya rage wa mutum ya yi? Wancan koren fa?”

“Ganyensu ne. Wai ana sa kaɗan da farko, sauran daga baya.”

“Daga baya? Ɗanye za a ba ƙanwata? Kai Batolo, a gidanku ka taɓa ganin an sa abu a tukunyar giya bayan an kusa saukewa? Zuba duka ya dahu. Abin da bai dahu ba shi ke ɗaci.”

Maganar ta yi daidai da duk abin da ya sani. Ɗanyen ganye ke ɗaci, dafaffe ya yi laushi, haka yake a miya, haka yake a magani. Akwai takarda a kwalin, ya ɗauko zai duba, Mairo ta ce takardar ta taɓa dafa wa wani mamaci giya? Ya ajiye. Ya juye ledoji biyun a tukunya tun ruwa bai gama zafi ba.

Ya ce kamar Baturen ya ce awa guda ake tafasawa. Mairo ta yi dariya har wayarta ta faɗi, aka ga kaji. Awa guda ko ruwan wanka ne? Uwarsa wuni take yi a gindin murhu, ya manta? Bai manta ba. Haka aka wuni. Tukunya na tafasa, ruwa na ja baya, yana ƙarawa kaɗan, tana cewa kada ya cika ruwa ya kashe mata ƙarfi. Tagogi suka yi gumi. Ƙararrawar hayaƙi ta yi ihu, ya hau kujera ya zare mata batir. Can ƙasan tukunya maɗin ya kama, wani ƙauri ya taso, Mairo ta ce ba ta jin komai daga nan, ya ci gaba da juyawa. Ya tsaya da muciyar Atine a hannu yana juyawa, gumi na bin gemu. Mairo na ba shi labarin waɗanda suka mutu a ƙauye bana da waɗanda suka kusa. Yana cewa, “Allah sarki,” a inda ya dace. Da rana ta yi sanyi katinta ya ƙare, shi kuma ya sauke.

Da ta huce ya juye a bokiti, ya barbaɗa yis, ya rufe. A murfin akwai wata 'yar roba mai ruwa a ciki, ta inda iska ke fita. Ya kai bokitin lungun da Atine ke ajiye buhun shinkafa. Washegari ya dawo daga coci ya ji wani abu a gidan: ɓul. Can kuma: ɓul. Ya ja kujera ya zauna gaban bokiti. Ba tunani yake ba, ba addu'a ba. Gidan ne dai ya samu wani mai magana ban da talabijin. Kullum ya dawo daga sito nan yake zama, da takalminsa, har ɓul ɗin ya fara jinkiri, ya koma sai an jira, ran nan ya daina. Jang ya yi ta naci a bar shi ya ɗanɗana ko a cokali ne, don a san inda aka kwana. Batolo ya ce ba a taɓawa sai ranar. Kwalaben da takardar kwali ta ce a ɗura giyar a ciki kuwa, Mairo ta ce ƙanwarta ba a kwalba za ta sha ba.

Aka sa ranar wata Asabar da rana. Ba a gayyaci coci ba, cocin ma ta yi kamar ba ta ji ba, ko da yake mata biyu sun aiko da masa ba tare da sun faɗi dalili ba. Olive ta zo da Raymond, ya sa kaftani, yana tsaye a gefe da hannu a baya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Jang ya zo da injin aski a aljihu. Aka sauko da ƙwaryar da ke rataye a bangon falo tun zuwansu ƙasar nan, aka wanke mata ƙura. Olive ta riƙe waya. Yau Mairo ta sa an gyara mata, ana ganin fuskarta har haɓa, ga wasu tsofaffin mata biyu a bayanta.

Aka buɗe ƙofar kicin ta baya, inda 'yan matakala ke sauka zuwa ɗan fili. Batolo ya ɗaga murfi. Abin ya yi duhu fiye da na hoton kwali. Ya ɗebo a ƙwarya, ya tsaya a bakin ƙofa. Mairo ta kira sunan Atine da yarensu, ta yi mata magana a taƙaice, irin yadda ake yi wa wanda ya riga ya sa takalmi zai fita. Sannan ta ce, “Sha.”

Ya kurɓa.

Maɗaci ne. Maɗaci da aka dafa da shuwaka aka ƙona a gindin tukunya. Ya kama masa harshe, ya bi ta maƙogwaro, ya dawo ta hanci. Fuskarsa ba ta canza ba, don ta manta yadda ake yi, amma maƙoshinsa ya yi sama ya yi ƙasa.

“Yaya take?” in ji Mairo.

Jang ya karɓi ƙwaryar ya kai baki, wai shi shaida. Mutumin da ke cewa ɗaci shi ne giya, sai ga idonsa ya kawo ruwa. Ya haɗiye da ƙyar, ya dubi Olive, ya dubi Raymond, ya washe baki gaban waya.

“Mama, zuma! Wallahi kamar an tsoma rake.”

“Ba kai na tambaya ba, mashayi. Baban Olive, yaya take?”

Olive ta sauke wayar kaɗan daga fuskarta. “Baba,” ta ce, da Hausa, a hankali. “Don Allah.”

Ya dube ta. Ya san abin da take roƙo, kalma ɗaya ce, kuma Mairo ba za ta taɓa sani ba, tsakaninsu da ita akwai teku. Ya dubi ƙwaryar. Ya yi wa Atine ƙananan ƙarairayi a zamansu, na kuɗin mai da na cewa miya ta yi daɗi. Amma wannan ita za a miƙa wa, ita za ta ji a bakinta.

“Da ɗaci, Yaya,” ya ce. “Sosai. Na zaɓo marar ɗaci, na ɓata ta a wuta. Ba za ta iya sha ba.”

Raymond ya sunkuyar da kai. A can ƙauye tsofaffin nan uku suka haɗa kai suna magana da yare ƙasa-ƙasa, ɗaya na nuna sama da yatsa, ɗaya na girgiza kai. Batolo na tsaye da ƙwarya, iska mai sanyi na shigowa ta ƙofa. In sun ce a sake, zai sake. Zai koma shagon, ya ɗauko wani kwalin, a ƙara wata ɗaya ko biyu, mutanen Raymond su ci gaba da kallon gefe. Ya ji duk wannan daga nesa, kamar a gidan maƙwabta ake yi.

Mairo ta dawo gaban waya. Ta share ido da bakin zane.

“Ni na ce ka zuba ganyen duka, ko?”

“Ke ce, Yaya.”

“To ba sai ka tuna mini ba.” Ta ja hanci. “Da ka ce mini zuma ce, da na sa ka sake, don na ga fuskar wancan ɗan iskan. Zuba mata. Ta zauna da kai shekara talatin, kai da ba ka dariya sai an yi maka allura. Ta sha abin da ya fi wannan, ba ta gudu ba. Za ta yamutsa fuska, ta zage mu ni da kai, ta sha. Zuba.”

Ya durƙusa a bakin ƙofa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya karkata ƙwaryar. Giyar ta bi matakala ta farko, ta sauka ta biyu, ta shige cikin busasshiyar ciyawa. Tsofaffin suka yi guɗa, ta fito ta ƙaramar waya siririya, tana yankewa. Olive ta miƙa wa Raymond wayar, ta rufe fuska da hannu biyu.

Jang ya fito da kujera waje, ya yafa masa tawul. Inji ya fara kuka, gashi na zubowa a kafaɗa, a cinya, a ƙasa. Jang na aski yana surutu, wai ashe akwai mutum a ƙarƙashin wannan daji, wai sauran bokitin kada a zubar, zai kai wa wani abokin gabarsa. Batolo na zaune, hannuwa a gwiwa, yana kallon katangar maƙwabta. Da aka gama ya shafa kai. Sanyi ya ji.

Olive ta zo ta tsuguna a gabansa, ido jawur, tana kakkaɓe masa gashi daga riga.

“Baba, ranar bikin. Watan Yuni ya yi?”

“Ya yi,” in ji shi. “Ki gaya wa mutanensu.”

Ta tashi ta nufi Raymond. Shi kuma ya zauna a wurin har aka kira shi cin masa.